Gwajin hedifon a hunturun Kano

Asabar, 16 Nuwamba 2024

Kuɗin da na tara na hedifon ɗaya ne, kuma so nake wanda zan saya ya yi mini shekaru. Aikinsa a fili yake. Kawuna ya bar mana kwali-kwali na kaset, na tafsiri da na kiɗan biki da hirarrakin rediyo, ina kwashe su zuwa kwamfuta kafin su lalace, to ina bukatar abin da zai faɗa mini gaskiyar abin da ke cikinsu. Shagunan Farm Centre da na Beirut Road cike suke da iyafis da hedifon na bulutut, akwai masu kyau a ciki, amma don amsa kira da tafiya a hanya aka yi su. Irin wanda nake nema sai an yi odarsa daga waje, ka biya da dala tun kunnenka bai ji ba. Shi ya sa na bi hanyar aro.

Uku ne a kan tebur yanzu. Sony MDR-7506 nawa ne, tsohon abokin aiki. Tun 1991 ake ƙera shi, ohm 63 ne (ohm ma'aunin tirjiyar da hedifon ke yi wa lantarki ne), bayansa a rufe, shi ne wanda za ka gani a kan masu ɗaukar sauti wajen shirya fim. Sennheiser HD 600 na yayana ne da ya zo hutu daga Jamus. A 1997 ya fito, ohm 300, bayansa a buɗe yake, raga ce da kake iya hango cikinsa ta nan. Na uku Beyerdynamic DT 990 Pro mai ohm 250, wani injiniyan sutudiyo a Zoo Road ya ba ni, ya ce sharaɗinsa ɗaya, kada yara su ja kebul ɗin, domin a jikinsa yake, ba a cirewa.

Rufaffen baya yana tare hayaniyar waje, amma sautin yana kai-komo a cikin kokon kunnen. Buɗaɗɗe yana barin iska ta wuce, sai sautin ya sake, ya yi faɗi, sai dai kana jin duk abin da ke faruwa a gida, na kusa da kai ma yana jin abin da kake ji. Sennheiser ne suka fara fitar da buɗaɗɗe a 1968, da HD 414.

Abin da zan gwada su da shi ya fi ɗaukar mini lokaci. Masu sharhi na ƙasashen waje da kiɗansu suke aunawa, wanda kunnena bai tashi da shi ba. Idan hedifon ya sauya sautin fiyano ba lallai in gane ba, amma idan ya taɓa kalangu nan take zan ji. Don haka na ware kalangu daga wani bikin mahauta, goge daga kaset ɗin kawu, ƙira'ar wani alaramma da na san muryarsa ido da ido, da muryar mahaifiyata tana ba jikoki tatsuniya, wadda na ɗauka da kaina.

Lahadi, 24 Nuwamba 2024

Makon nan bai tafi a sauraro ba, a daidaita ƙara ya tafi. Kunne yana da son zuciya: a cikin abu biyu, wanda ya ɗan fi ƙara shi yake ɗauka ya fi daɗi. Tun 1933 Fletcher da Munson suka nuna cewa idan ƙara ta yi ƙasa, kunnen ɗan Adam yana rage jin kaurin sauti da siririnsa, tsakiyar ce ke saura. Ke nan duk wanda ya cire hedifon mai ohm 63 ya sa mai ohm 300 bai taɓa maɓallin ƙara ba, ya zalunci na biyun, domin shi ya fi bukatar ƙarfin lantarki kafin ya kai inda na farko ya kai.

Ga yadda na yi. Na yanki kwali daidai faɗin kushin kunnen, na huda tsakiyarsa, na zura bakin mitar auna ƙara a hudar, na danna kwalin a kan kushin yadda iska ba za ta fita ba. Sai na kunna sautin shuuu da ake gwaji da shi, na murɗa amfilifaya, wato na'urar ƙara wa sauti ƙarfi, har mita ta tsaya a desibel 75. Na manna farin tef a gefen maɓallin, na ja layi da biro, kowane hedifon da layinsa. Yanzu idan na sauya, sai in kai maɓallin kan layi kafin in saurara.

Batun amfilifaya kuwa, HD 600 da DT 990 suna yin ƙara a waya, amma a kasalance. Ɗan kebul ɗin nan na Apple da ake sa wa a ramin caji, na kasuwar Amurka bolt 1 yake bayarwa, na Turai rabin haka, kuma da ido da wuya ka bambance su, sai ka duba lambar da ke jikin kwalin. Na zaɓi ƙaramin amfilifaya mai batir a cikinsa, haɗe da na'urar da ke mayar da lambobin kwamfuta sauti. Dalilin na gida ne: idan an ɗauke wuta aka tada janareta, laftof tana caji, sai in ji wani gunji can ƙasa-ƙasa ya shigo. Da na zare cajar sai ya ɓace. Duk gwajin da zan yi daga yau a kan batir ne.

Asabar, 7 Disamba 2024

Yanzu aka zo gun. Na fara da muryar mahaifiyata, domin ita ce muryar da babu wanda zai iya yi mini wayo a kanta.

A HD 600 ita ce, babu ƙari babu ragi. Ɗan kaushin da tsufa ya sa wa muryar yana nan, yadda take jan numfashi kafin ta ce "ga ta nan, ga ta nanku" yana nan, kuma muryar a gabana take, ba a cikin tsakiyar kaina ba. Na zauna har tatsuniyar ta ƙare, na manta gwaji nake yi. A DT 990 muryar ta ja da baya kaɗan, kaurin ƙasa ya ƙaru, sannan duk inda ta furta s ko sh ko ts sai ya fito da kaifi. Wannan sananne ne ga wannan hedifon, yana ɗaga siririn sauti a wajajen Hz 8,000 (Hz ma'aunin siririn sauti ko kaurinsa ne), daidai inda waɗannan haruffa suke zaune. Kamar miya ce da aka cika wa yaji: lomar farko ta fi kowace daɗi, amma kafin ka gama kwano harshe ya gaji. Akwai masu son hakan, kuma ban ga laifinsu ba. Sony yana tsakani, muryar ta matso kusa sosai, ta bushe kaɗan, kowace kalma a sarari.

Ƙira'a ta ƙara tabbatar da haka. Alaramman nan yana ba kowane harafi haƙƙinsa, sadi dabam sinun dabam, kuma gunnarsa tana da tsawo mai daɗi. HD 600 ya bar gunnar da cikarta, har ana jin yadda ɗakin masallacin ke mayar da muryar. A DT 990 sadi da sinun duk sun yi haske har nauyin sadin ya ragu a kunnena.

Kalangu ne ya ba ni aiki, kuma a nan na fi daɗewa. Kalangu magana yake yi. Makaɗi yana matse tsarkiyoyin a hammata, fatar ta ɗaure, sautin ya hau, ya sassauta ya sauko, da haka yake bin hawa da saukar muryar Hausa har mai saurare ya gane kirarin wanda ake wa. To abu biyu ne a kowane bugu: tas ɗin sanda a kan fata, da kukan da ke biyo baya yana lanƙwasa. DT 990 ya fito da tas ɗin fiye da kowa, ya kuma ƙara wa gangar nauyi, kai ka ce ta fi girmanta. Da farko abin burgewa ne. Amma lanƙwasar, wadda ita ce maganar, a tsakiyar sauti take zaune, kuma a nan HD 600 ya yi zarra. Na iya bin kirarin kalma bayan kalma ba tare da na yamutsa fuska ba. Inda ya gaza shi ne can ƙasa: idan babbar ganga ta shigo, dukan da ya kamata ka ji a ƙirji bai cika ba, domin kaurinsa yana raguwa idan an sauka ƙasa da Hz 100 ko kusa da haka. Wannan gaskiya ne, masoyansa ma ba sa musu.

Goge kuma wani abu ya tona mini. Izgar doki ce ke goga izgar doki a kan ƙwarya mai fatar guza, sautin yana da ɗan ƙaiƙayi na asali. A dogon ja sai na ji yana rawa, yana hawa yana sauka kaɗan-kaɗan a duka ukun. Ashe bel ɗin dek ɗin kaset ne ya saki. Kaset santimita 4.76 yake tafiya a daƙiƙa, da zarar gudun ya yi tangal-tangal sai goge ya fallasa. Na kai wa mai gyaran rediyo ya sauya bel. A wajen farautar shuuu na kaset da ƙananan ƙaraf-ƙaraf kam, DT 990 babu na biyunsa a cikin ukun, yanzu na gane dalilin da ya sa injiniya yake riƙe da shi.

Lahadi, 15 Disamba 2024

Buɗaɗɗen hedifon da rana a unguwarmu ɓata lokaci ne. Adaidaita sahu a titi, injin markaɗe a maƙwabta, janareta a shagon walda, duk suna shigowa ta ragar. Sai bayan Isha'i, gari ya lafa, sannan HD 600 yake nuna kansa. Da rana Sony nake komawa.

Hazo ya sauko sosai. Na bar HD 600 a kan tebur wuni guda, da yamma na shafa ragar da yatsa sai ga jan ƙura. Na ɗinka wa kowanne jakar yadi mai zariya. Ina kuma tunanin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. Kushin fatar roba, ko na wane kamfani ne, gumi yake tarawa, a kwana a tashi ya fara ɓarewa yana manne wa mutum a kunne. Na yadi mai laushi, irin na HD 600 da DT 990, ya fi shan iska, sai dai yana shan gumi da man gashi, ya kwanta, kuma idan ya kwanta kunne ya matso kusa da lasifikar, sautin ma sauyawa yake yi.

Injiniya ya kira ni, ya ce akwai zaman masu wannan sha'awa a farkon wata a gidan wani Alhaji a Nassarawa, in zo da abin da ke hannuna.

Asabar, 4 Janairu 2025

Ban taɓa zaton akwai mu da yawa haka a garin nan ba. Bayan Azahar muka taru a babban falon baƙi. An shimfiɗa dogon tebur da farin yadi, kowa ya jera kayansa, an ajiye auduga da sanitaiza don goge kushin kafin wani ya sa. Alhaji ya sa an kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ya ce sanyin hunturu ya wadatar, kuma gidan a kan sola yake, babu gunjin janareta. Zoɓo da kunun aya suna can wani tebur dabam, nesa da kayan lantarki. Akwai ma'aikatan banki, akwai 'yan sutudiyo, akwai ɗalibai daga Jami'ar Bayero, da wata likitar kunne da maigidanta, da wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin injiniya a gidan rediyo, kowa Baba yake ce masa.

Na fara da HiFiMan Sundara, wanda na daɗe ina son ji. Ƙirarsa dabam ce. Waɗanda ke hannuna duka naɗin waya ne manne a bayan ɗan faifai, maganaɗisu yana tura shi gaba da baya. Shi kuwa Sundara siririyar leda ce shimfiɗe, an zana hanyoyin lantarki a jikinta, maganaɗisu a jere kusa da ita, sai ledar gaba ɗaya ta motsa lokaci guda. Na sa kalanguna. Babbar gangar da HD 600 ya rage wa nauyi ta sauka har ƙasa, a tsabtace, ba ta shafi sauran ba, kuma fili ya buɗe, kowane makaɗi da wurin tsayuwarsa. Na daɗe a kujerar nan. Da na koma kan muryar mahaifiyata sai na ji ta ɗan yi nisa, ta rage ɗumi. Nauyinsa kuma giram 372 ne, na HD 600 giram 260, kuma wuya tana sanin bambancin idan zama ya yi tsawo.

Alhaji ya fito da hedifon kamfanin Stax daga cikin akwati, ya buɗe shi a hankali. 'Yan Japan ne, tun 1960 suke wannan ƙira. Ledar ciki siririya ce ƙwarai, ana ɗora mata cajin bolt 580, tana tsakanin faranti biyu masu huji, don haka sai da amfilifayarsa ta musamman. Na ce, "Ranka ya daɗe, yaya kake yi da ƙura?" Ya ce ai shi ya sa ba ya kwana a waje, ƙura ɗaya ta shiga sai ka ji yana tsiwa. Goge a cikinsa wani abu ne da ban taɓa ji ba, har gogar izga ɗaya-ɗaya. Ba sa'an aljihuna ba ne, ba kuma na ɗakina ba ne, amma na gode Allah da na ji.

Da aka dawo daga La'asar sai gardama ta tashi a kan kauri. Wani ɗan banki ya kawo zancen binciken Sean Olive da abokan aikinsa a kamfanin Harman, wanda suka fara fitarwa a 2013, inda suka gano yawancin masu sauraro sun fi son a ɗan ƙara kauri a kan a bar shi a miƙe. Ya zo da AKG K371, rufaffe, wanda aka daidaita kusa da wannan ma'auni. Na ji shi, kuma lallai yana da daɗi, ya fi Sony cika. Baba yana gefe yana saurare, sai ya miƙo hannu ya ce, "Ɗana, ba ni wannan muryar tsohuwar da kake ta sakawa." Na sa masa a K371, na sa masa a HD 600. Ya cire, ya riƙe na biyun a cinya, ya ce, "Mu a rediyo da murya muke auna komai. Kiɗa kowa da yadda yake so, amma murya kowa ya san yadda take." Na ce, "Baba, kaurin fa?" Ya ce wanda ya rasa kauri zai iya ƙarawa da na'ura, amma muryar da aka ɓata gyaranta wuya.

Ɗalibai kuma suka ba kowa mamaki. Ɗaya ya zaro 7Hz Salnotes Zero daga aljihu, ɗan iyafis na Chana da kuɗinsa bai wuce dala 20 ba, ya ce, "Yaya, gwada wannan." Murya ta fito daidai ƙwarai, kuma da yake cikin kunne yake shiga, hayaniyar falon ta ragu. Faɗin da manya suke da shi babu, amma duk matashin da ya tambaye ni inda zai fara, nan zan nuna masa, ba sai ya ci bashi ba.

An yi gwajin rufe ido tsakanin MP3 mai 320, wato fayil ɗin sauti da aka ɗan matse, da FLAC, wanda ba a rage masa komai ba, mai kunnawa yana bayan mai saurare. Yawancinmu canka muka yi ta yi. Da aka sauko MP3 mai 128 kuwa, wanda aka fi matsewa, a kiɗan da ke da kacau-kacau, da yawa sun gane. Masu cewa kebul mai tsada yana sauya sauti aka ce su zo su zauna a kujerar, aka yi dariya, aka bar zancen zuwa wani zaman.

Likita ce ta rufe taron, kuma maganarta ta fi zauna mini. Ta ce ƙananan gashin da ke can cikin kunne, masu karɓar sauti, idan suka mutu ba sa sake tsirowa. Ma'aunin da cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta ba da shawara shi ne desibel 85 na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, kafin a kai 100 saura minti 15. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce desibel 80 na awa 40 a mako ga babba, kuma matasa sama da biliyan 1 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne mai sa iyafis a cikin adaidaita sahu, yana ƙure ƙara don ya danne hayaniyar titi, da yaran da ake zaunarwa a gaban lasifikar biki. Ta roƙe mu, tunda mu ne masu son sauti, mu riƙa faɗa a gidajenmu. Na ji daɗin cewa layukan tef ɗina a kan 75 suke.

Lahadi, 12 Janairu 2025

Mai Sundara ya ba ni aronsa na mako, na sa shi gefe da gefe da HD 600 a ɗakina, da dare, a kan ƙara ɗaya. Abin da na ji a Nassarawa bai sauya ba. A kiɗan taro mai manyan ganguna Sundara ne gaba. A tafsiri da ƙira'a da hira da kirarin kalangu, waɗanda su ne mafi yawan abin da ke cikin kwalayen kawu, HD 600 ne.

Na kuma duba ƙanensa, HD 650 na 2003, wanda kamfanin Massdrop suka sake fitarwa a 2016 da sunan HD 6XX a kan dala 199. Na ji shi a taron. Ya fi ɗumi, ya fi rufe aibin tsohon kaset, kuma ya fi araha. Don hutawa zan so shi, amma ni aibin nake son ji don in gyara.

Abin da ya ƙarasa yanke hukuncin shi ne gyara. HD 600 da hannu ake kwance shi: kushin kunne, kushin ka, kebul, duk ana zare su a sa sababbi, kuma har yau ana sayar da su. A garin da ƙura da gumi ke cin kaya, kuma mai gyaran irin wannan yake da wuyar samu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na tura wa Yaya kuɗin, zai saya daga dila na gaskiya idan ya koma, domin jabu sun yi yawa a intanet, tare da kushin kunne na ajiya. Sony zai ci gaba da aikin rana. DT 990 ya koma Zoo Road jiya, da alkawarin zan riƙa kai wa injiniya kaset ɗin da shuuu ɗinsu ya fi ƙarfina.

An tsayar da zama na gaba ranar Asabar 8 ga Fabrairu, kafin azumi. An amince a riƙa karɓa-karɓa da kaya tsakaninmu, kowa ya rubuta abin da ya ɗauka a littafin da ke hannun Alhaji. Ni kuma an ɗora mini haɗa sautin gwaji namu na kanmu, wanda za a ɗauka sabo a sutudiyo, ba daga kaset ba. Na yi magana da wani makaɗin kalangu a Fagge, ya amince zai zo da yaronsa, injiniya ya ba mu daren Laraba. Baba zai karanta labarai na minti biyu da muryarsa ta rediyo. Saura mai algaita, kuma an ce in tambaya a wajen makaɗan fada ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.